Agogon da Bai Kai Hannun Ladan Ba

Wata rana Malam Barau, ladanin wani ƙauye a bayan Malumfashi, ya ari waya ya kira ɗansa Sadisu a Abuja.

Buƙatarsa ɗaya ce tak. Ido ya yi rauni, ƙauyen ba wuta, kullum sai ya fito cikin duhu ya duba tauraron gamzaki kafin ya san lokacin kiran assalatu ya yi. Agogo yake so mai haske da dare. Ko wane iri ne.

Shi kuwa Sadisu mayen agogo ne. Allah ya hore masa, kuma irin mutanen nan ne da ba a taɓa yi musu wayo a ciniki. Ya ce a ransa, ina raye Baba ba zai ɗaura na bakin titi ba.

Sai ya karɓo agogo uku na alfarma wurin dillalinsa, a kan zai zaɓi ɗaya.

Ku ji aikin da bawan Allah ya ɗora wa kansa.

Kullum bayan isha'i sai ya jera su a kan tebur, ya haska musu tocila, ya kashe fitila, ya zauna yana kallo.

Na farko kore ne shar, amma kafin ƙarfe biyu ya dushe.

Na biyu shuɗi ne, yana kaiwa asuba, sai dai a ganinsa kuɗin ya fi ƙarfin hasken.

Na uku bai san ma me ya hana shi ba, zuciyarsa ce kawai ba ta kwanta ba.

Ya mayar, ya karɓo wasu. Ya tambayi abokai. Ya jira farashi ya sauka.

Wata huɗu, jama'a! Wata huɗu ana gwada haske.

Damina ta sauka. Wani dare hadari ya rufe sama, Malam Barau ya fito neman tauraron bai gani ba. Tsoron kada gari ya makara saboda shi ya sa ya nufi masallaci da lalube. Santsi ya kwashe shi a bakin kwata, ƙugu ya karye.

Ya hana a gaya wa Sadisu, wai kada a tayar masa da hankali. Kwana uku ya yi a kwance, rai ya yi halinsa.

A safiyar da Sadisu ya koma ya biya kuɗin shuɗin nan, ya sa aka naɗe akwatin da kyau, a safiyar aka kira shi. Kafin ya iso an kai tsoho makwancinsa.

Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, ya durƙusa. Bai ma san akwatin na hannunsa ba.

Ta dube shi ta ce, "Mene ne wannan?"

"Agogon Baba ne, Inna. Yana haske har asuba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"To, kai masa mana. Ai ka san inda yake."

Wallahi da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Ya tashi ya tafi maƙabarta, ya tsaya a bakin shiga. Ya kasa shiga, ya kasa juyawa. Wani tsoho mai haƙa kabari ya zo wucewa, ya yi masa gaisuwa, ya tambaye shi ko ƙarfe nawa.

Sadisu ya dubi akwatin. Ya ce bai sani ba.

Shekara uku ke nan. Matarsa ta ce ko a wane gari suka kwana, ladan na cewa "Assalatu" sai ya zabura ya zauna, yana sauraro har a gama, ko zai ji muryar mahaifinsa.

Darasi: Idan iyayenka suka roƙe ka ƙaramin abu, kai musu wanda ya samu yau. Mafi kyawun ka neme shi daga baya, in Allah ya bar maka su.

Tura wa wanda har yanzu yake "dubawa". Wataƙila nasa tsohon na nan yana jira.