Jan Fenti a Bangon Kafinta

Kafinta ne, ana ce masa Sai Gobe, don duk wanda ya zo karɓar kujerarsa amsar da yake samu ke nan. Amma in ya gama aiki ya gamu, ƙofar da ya rataya ba ta kuka. Gidansa ɗaki huɗu ne da shago a gaba, a kan filin da ya gada daga mahaifinsa.

Wata safiya masu awo suka zo da na'ura mai ƙafa uku. Suka kafa turaku, ɗaya har a tsakiyar madafa. Suka ƙirga ɗakuna da rijiya da bishiyar lemo, suka shafa jan fenti a bango, suka ɗauki hotonsa tsaye a ƙofa. Shugabansu ya ce babbar hanya za ta bi ta nan, za a biya diyya, amma daga yau ko ƙusa ya buga ba ta cikin lissafi.

Kafinta ya riƙe maganar nan kamar wasiyya. Da kwano ya fara yoyo, matarsa ta ce ya hau ya gyara, ya ce ba zai yi wa katafila kwalliya ba. Suka jera bokitai. Babban ɗansa ya so ƙara ɗaki ya kawo amarya, ya hana. Ɗan ya kama haya a wata unguwa, ya ɗauke ƙafa. Kafinta ya nemi mai sayen gidan, amma duk wanda ya ga fentin sai ya juya. Ofishin filaye kuwa, har masinja ya san tarinsa. Matar takan ce alhakin masu kujeru ne, ga shi yanzu shi ake ce wa sai gobe.

A shekara ta bakwai bangon ɗakin baya ya sha ruwa ya faɗo mata tana shara. Ƙugunta ya karye, ba ta sake takawa ba. 'Yarsu ta zo ta ɗauke ta, ko kallon uban ba ta yi ba.

A ta tara motocin aiki suka iso, da sababbin masu awo da sabon zane. Hanyar ta goce taku ashirin. Ta cinye gidan maƙwabcinsa mahauci, wanda ya ɗora bene bara ana masa dariya. Aka biya shi tsaf, ya tashi.

Kafinta ya kai takardarsa da hotonsa ofis. Jami'in ya duba zane, ya tura masa su.

"Baba, gidanka ba ya cikin layi. Ka gode wa Allah, ka tsira."

"To shekarun nan fa, ranka ya daɗe?"

"Wa ya hana ka gyara gidanka?"

Aka tara ƙasa aka ɗaga hanyar har ta fi rufinsa tsayi, aka saka shingen ƙarfe. Bakin kwalbati ya buɗe daidai ƙofar shago. Ruwan farko ya kumbura katakonsa, ya shiga injin yankan katako. Ba mai zagayowa ya ba shi aiki, sai ya koma goge katako a wani kamfanin kujeru, kuɗin yini.

Ran hutu yakan je gidan surukinsa, inda matarsa ke jinya, da ayaba a leda, ya zauna a bakin gado. Matar tana amsa gaisuwa fuskarta na kallon bango. Sau ɗaya ya fara ba ta haƙuri, ta ce ya bari, bayanta na ciwo, ya kira mata 'yarta.