Lawal Kifof da Jar Tutarsa

Lokacin da Lawal ya sauka daga motar Funtuwa a Suleja, Abuja ba ta wuce takarda da bakin rediyo ba. Gwamnati ta ce za ta taso daga Legas, amma sai an yi mata tituna tukuna. Tituna na son tsakuwa, tsakuwa kuwa tana cikin dutse. Wani kamfanin fasa dutse da ke bayan Lugbe ya ɗauke shi lebura. Da aka lura ƙashinsa bai kai na ɗaukar kaya ba, amma muryarsa ta kai ta mutum uku, sai aka ba shi jar tuta da hular kwano aka tsayar da shi a bakin hanya.

Aikin ba shi da wuyar bayani. In an dasa nakiya a ramuka, jiniya ta yi kuka, Lawal ya ɗaga tuta, kowa ya tsaya a bayansa: leburori, direbobin tifa, masu talla. Ba mai motsi sai tutar ta sauka. Baturen wurin ya koya masa kalma biyu, keep off, wato a yi nesa, shi kuwa ya riƙe su hannu bibbiyu. Ya faɗa wa direba, ya faɗa wa akuya, a gida ya faɗa wa kazar da ta doshi tabarmarsa. Kafin wata ya mutu sunansa ya koma Kifof, har a masallaci.

Matarsa Ikilima tana dafa shinkafa da wake tana sayar wa leburori. Ita da sauran matan bukkokin da ke ɗaya gefen dutsen ba su da agogo, ba su kuma nemi a saya musu ba. Kamfani na tayar da nakiya kafin azahar. In ƙasa ta girgiza, kwanuka suka yi ƙara, an san hanya ta buɗe, sai a ɗora tire a kai a biyo 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gindin dutsen. Kamfani bai san da hanyar ba, don haka bai ajiye mata mai tuta ba.

Wata Talata nakiya ta tashi kamar kullum. Lawal ya fara sassauta hannu ke nan sai ga Oga Zacharias, mai tayar da nakiyar, a guje.

"Kar ka sauke! Rami ɗaya bai tashi ba."

"To yaushe zai tashi, oga?"

"Je ka tambaye shi. Ko yanzu, ko gobe."

Irin wannan ramin ba a kusantarsa. Shi kansa Zacharias sai ya bar shi ya huce. Lawal ya ƙara ɗaga tuta. A bayansa mutane sun fi ɗari, duk da yunwa, tifofi na ta gurnani.

"Kifof, hannunka bai gaji ba?" in ji Ɗangoggo, direban da ke kan gaba. "Sauke tsumman nan mu wuce. Ko gadon gidanku ce hanyar?"

Idon Lawal ya riga ya faɗa kan wani abu. Can gefen dutsen, cikin ƙurar da ke kwantawa, ga tire yana ƙyalli a kan mace. Ikilima ce. Kullum ita ke fara isowa, don wadda ta riga zuwa ita ke fara sayarwa.

"Wannan mata, hana shi!" Zacharias ya daka tsawa da Hausarsa ta ɗan koyo. "Zai bi ƙarƙashin ramin!"

Lawal ya kaɗa tuta da dukan ƙarfinsa. "Ikilima! Koma! Keep off!"

Ta ji shi sarai. Ta ɗaga hannu ɗaya alamar ga ta nan zuwa, ya yi haƙuri da yunwar. Kalmar da aka faɗa wa kaza da safe ba ta tsayar da mace da rana. Gabanta kaɗan akwai wata ɗorawa. Daga ɗorawar nan hanya ta gangara kai tsaye ƙarƙashin ramin.

Ƙafar Lawal ta so gudu wajenta. Amma ya san mutanen da ke bayansa ba fuskarsa suke kallo ba, ƙyallen suke kallo. In ƙyallen ya matsa gaba, duk za su bi shi, da tifofi da komai. Zacharias ya riga ya koma wajen wayoyinsa. Lawal ya ƙara damƙe tutar. Ya nemi wata kalma a duk abin da ya sani, bai sami wadda za ta riƙe ta ba sai ɗaya.

"Ikilima! In kika wuce ɗorawar nan, a bakin aurenki!"

Ɗangoggo ya kashe mota. Wani ya yi salati. Ikilima ta tsaya, inuwar ɗorawar a kan tirenta.

"Malam, me ka ce?"

"Kin ji ni."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane."

Ta dubi hanyar, ta dube shi. Ya san ta, ba a ce mata ba ta isa ba. Ya ga ta gyara gammo, ya ga ƙafar dama ta ɗan ɗaga. Ramin na nan shiru a samanta, baƙi, kamar ba ruwansa.

Ta juya. Ba ta yi sauri ba. Ta koma da shinkafarta, matan da ke biye da ita suka juya su ma.

Ramin bai tashi don kansa ba. Sai bayan la'asar Zacharias ya lallaɓa ya tayar da shi, lokacin Ikilima tana ɗaure kayanta. Abin da ta ji bai fi faɗuwar turmi ba. Dutse ko ɗaya ba ta gani ba. Washegari tana Yangoji, gidan yayanta Hafizu mai noman doya.

Lawal ya je biko ranar Juma'a. Hafizu ya saurare shi, ya ce ai ba saki tunda ba ta wuce ba, ya tashi ya ba su wuri.

"Tambaya ɗaya gare ni, Malam," in ji Ikilima daga bakin ƙofa. "Da na wuce, da ka biyo ni?"

Mai wayo ya san amsar wannan. Lawal bai yi wayon ba.

"Da mutum ɗari sun biyo ni," ya ce.

"Wato a'a."

"A'a."

Ta shige ɗaki. Ya hau mota shi kaɗai. Ba ta dawo ba sai da aka gama haƙar doya, ba ta kuma aiko da sanarwa ba. Wata rana ya taso daga aiki ya tarar da hayaƙi a murhu. A shekarar da gwamnati ta taso daga Legas suna tare, har yau suna nan tare a Lugbe. In ta ba da labarin, cewa take ya sa aurenta a caca saboda jan tsumma. Shi kuwa yana zaune a gefe, bai taɓa gyara mata ba.