Dubiya ta Lasifika

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuma a gaban mutane ne, "waccan". Na yi aure, na haifi nawa, har furfura ta fara leƙo mini a gefen kunne, ina nan a waccan. Ƙannena kuwa rangaɗa musu kira take yi tun daga tsakar gida har bakin titi. Na san kunya ce, na san ita ma haka aka yi mata, amma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Shekarar korona, ana cikin kulle, tari ya kama ta, numfashi ya fara yi mata wuya. Ƙanena ya kai ta asibiti a nan Suleja, aka gwada, aka killace ta a wani ɗaki can baya kusa da katanga. Aka ce babu jinya, babu dubiya. Inna kuwa mace ce da ko tuntuɓe ɗan maƙwabta ya yi sai ta dama kunu ta je duba shi, har Madalla takan hau mota don wannan. A ganinta, wanda ba a zo dubawa ba an yar da shi ne. Wata nas 'yar Filato ta gaya wa ƙanena cewa Inna ta juya wa bango fuska, ta daina cin abinci. An miƙa mata waya ta ture, wai murya a waya ba zuwa ba ce.

Ashe ba ita kaɗai ce ke cikin wannan hali a ɗakin ba. Sai likitoci suka kira limamai da fastoci, suka zauna a gindin mangwaro nesa-nesa da juna, suka yi shawara. Masallacin unguwarmu ya ba da lasifikar da ake tafsiri da ita, tunda a shekarar babu taro. Cocin su nas ɗin ya kawo janareto da benci, matan zumunta kuma suka ɗauki nauyin tsara layi. Kullum bayan la'asar sai a buɗe tagogin ɗakin, 'yan uwa su tsaya a bayan katanga, kowa ya gai da nasa.

Ranar da na je, na miƙa kular fate a ƙofa na shiga layi. Da aka zo kaina, wata dattijuwa cikin matan zumunta ta goge abin maganar da ruwan magani, ta ce in fara da sunan mara lafiyar, don ɗakin cike yake da su Inna da su Mama. Na yi tsaye kamar an dasa ni. Ni in faɗi sunan uwata, a lasifika kuma, duk unguwa na ji? Dattijuwar ta yi ta yi mini dariya a bayan takunkuminta, ta ce mu dai da kunyarmu sai a hankali. Na'ibin limaminmu da ke kula da wayoyin lasifikar ya ce ta bar ni, zan san dabara.

Na riƙe abin da hannu biyu na ce, "Inna mai waina ta bakin tasha, waccan ce. Na zo, ga ni a bayan katanga, da zanen nan da kika ce bai karɓe ni ba. Na kawo fate. In ba ki ci ba, ba inda za ni."

Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa hawaye suka jiƙa mini takunkumi. Na kalli tagogin, ko labule bai motsa ba. Na koma bencin coci na zauna, ana ta gaishe-gaishe har layi ya kusa ƙarewa, hadari yana haɗowa ta wajen Diko.

Can sai ga nas ɗin a bakin ƙofa cikin farar rigar kariya, idanu kawai ake gani. Ta ɗaga murya ta kira sunana na yanka, wanda ko mijina ba ya amfani da shi. Ba ta taɓa ganina ba, ƙanena kaɗai ta sani. Na matsa na tambaye ta inda ta samo shi.

Ta ce, "Mama ne ya faɗa. Ya ce in gaya miki ya ci, amma gishiri ya yi yawa. Wai ki tafi gida kafin ruwa."

Ban tafi ba sai da ruwan ya dake ni.

Allah ya ba Inna lafiya, ta dawo gida ta koma kan tandarta. Wata rana muna tsinkar zogale na yi ƙarfin hali na tuna mata. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce zafin zazzaɓi ne, ita ba ta san an yi ba. Sannan ta ce, "Ke, miƙo mini faifan can." Na miƙa mata. Har yau ban ji sunan daga bakinta ba, amma na san yana nan a wurinta, ajiye.