Harami a cikin sarƙar keke

Ni dai boko bai taɓa kama ni ba. Na je makaranta, malamin ya dube ni, na dube shi, muka gane ba za mu daɗe tare ba. Abin da na ƙware a kai a duniya shi ne keke, wanda a nan Madina muke ce wa sekal. Ita ma ƙwarewar ni na ba kaina shaida, ba wanda ya taya ni.

A shekarun casa'in unguwarmu ta wajen kwarin Aƙiƙ ba ta cika da gine-gine kamar yanzu ba. Ka ɗan gangara bayan gidaje sai ka faɗa kwarin, fili ne na tsakuwa da yashi da ƙaya, sai sawun tifofi masu kwasar dutse. Wannan sawu shi ne titina. Na san inda tsakuwar take kwance lafiyayya, taya na tafiya tana ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na san inda take manya-manya kamar ƙwan jimina, wanda in ka bi da gudu haƙoranka sai sun gaisa da juna. Akwai wani wuri bayan gonakin dabino da baƙin dutse ke da kaifi, ya ci mini tayoyi har mai faci ya daina tambayata daga ina. In ka bi kwarin ka miƙe, ba danja, ba ɗan sanda, ba motar da za ta yi maka ham, sai ka ɓullo dab da Bi'ir Ali, masallacin da masu zuwa Makka ke ɗaukar harami.

Magidanci ɗan ƙasa a kan keke abin magana ne a garin nan. Ni ban damu ba. In tattare jallabiya in cusa cikin wando, in hau abina.

Shekarar da matata ta haifi autanmu, mahaifiyarta ta zo daga wajen Maraɗi. Tsohuwa ce sosai, wannan ne zuwanta na farko ƙasar, kuma ita da kanta tana cewa shi ne na ƙarshe. Tsakanina da ita kunya ce irin ta gida sosai. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ji abu sai ta gaya wa wanda ke kusa, ko da jaririn ne: "Ku ce wa uban yaran nan ruwan zafi ya ƙare." Ni kuma in durƙusa daga bakin ƙofa in amsa wa bango.

Kwanakinta suka zo ƙarshe ba ta yi umara ba. Matata na jego, ba ta tafiya. Tsohuwa kuwa ta rantse ba za ta taka hanyar Makka ba sai da muharrami, ni ne kuma kaɗai muharraminta a faɗin ƙasar nan. Jibi jirginsu zai tashi. In ba mu tafi gobe ba, to ta koma gida ba ta ga Ka'aba ba.

Da safe bas ɗin masu umara ya tsaya a bakin layi. Na yi wanka na ɗaura harami tun daga gida kamar yadda muke yi, niyya ce kawai za a bari sai miƙati, wato Bi'ir Ali. Direban wani ɗan unguwarmu ne da muka taso tare, bakinsa ba ya shiru. Ya ce sai ya zaga unguwar Al-Khalidiyya ya kwashi sauran mutane kafin ya nufi Bi'ir Ali. Da ya hango kekena a jingine sai ya ce, "Ya shekh, ba za ka sa jakinka a but ba? Kada ya yi kukan rashinka."

Na ce, "Jakin nan zai riga akwalar motarka zuwa Bi'ir Ali."

"Wallah?"

"In ka iso ka tarar ban gama shan shayi ba, ka jira ni."

Duk bas aka kwashe da dariya. Matata ta leƙo ta taga ta ce, "Don Allah ka shiga mota." Amma an riga an yi dariya, ni kuma in aka yi dariya hankalina tafiya yake. Na damƙa tsohuwa a hannun matan maƙwabta, na ce mu haɗu a can. Akwai wani abokina mai sayar da harami da silifa a bakin masallacin, wurinsa na yi niyyar barin keken.

Abin da ban lissafa ba shi ne, jallabiya tana da wando a ƙarƙashinta. Harami kuwa zane biyu ne, ɗaya a ƙugu, ɗaya a kafaɗa, sai bel. Ba inda za ka cusa komai. Tun daga gangaren farko iska ta fara yi mini bincike. Hannu ɗaya a kan keke, ɗaya yana tare mutunci. Duk da haka tafiya ta yi daɗi, har na fara shirya kalaman da zan tarbi direba da su.

Bayan gonakin dabino, daidai baƙin dutsen nan, na saki zanen don in kama birki da hannu biyu. Gefensa ya sauka, sarƙa ta cafke. Na ji an fizge ni ta baya kamar wani ya biyo ni da tsohuwar gaba. Keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Da na buɗe ido ina zaune a kan tsakuwa, daga ni sai bel. Mayafin kafaɗa yana can a kan ƙaya, na ƙugu ya naɗe a ƙafar keke ta baya, ya yi baƙi da man sarƙa.

Na rarrafa na ciro mayafin na ɗaura. Na ja zanen, ya ƙi. Na juya feda baya, ya ƙara shigewa. Na sa haƙori. Silifa ɗaya ta tsinke. Ƙafar keke ta ƙi juyawa sam, ni kuma zuciyata ta ƙi barinsa a kwari. Sai na saɓa shi a kafaɗa. Keken da ya saba ɗaukata, ranar ya rama.

Wani makiyayi Basudane da awakinsa ya tsaya yana kallona, ga ni ƙato ba riga, gwiwa na jini, keke a wuya yana jan farin ƙyalle. Ya daɗe yana nazari, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Umra maƙbula, ya haj."

Rana ta take sosai kafin in hango hasumiyar masallacin. Na ratsa tsakanin manyan motoci, alhazai farare tas suna buɗa mini hanya. Bas ɗinmu babu shi. A bakin rumfar abokina na ga tsohuwa, zaune a kan jakarta, carbi a hannu. Direba ya jira har mutane suka fara yi masa ihu, matan suka roƙe ta ta bi su, ta ce a sauke ta.

Abokina ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "La haula. Kai da wa kuka yi?"

"Ba ni harami, ka bar surutu."

"Na mutum ɗaya ko har da na sekal ɗin? Na ga shi ya riga ka ɗaurawa."

Tsohuwa ba ta ɗago ba. Ta juya wajen tulin silifa ta ce, "Ku ce wa uban yaran nan ya rufe jikinsa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta koma kan jan carbinta, sai dariyar da nake shirin fakewa da ita ta maƙale.

Na wanke jinin, na sake harami, muka yi nafila. Daga nan na shiga bin motoci ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, da Larabci, da Hausa, da hannu. Wannan ya ce a cike yake, wancan ya ce na kamfani ne. Ni da ban taɓa roƙon kowa hanya ba, har gemun wani direba na kama. A ƙarshe shugaban wata tawagar 'yan Indunusiya ya leƙa ya ga tsohuwar, ya yi magana da mutanensa, wata mata ta ɗauke jakarta daga kujera. Wuri ɗaya ne. Ni aka nuna mini matakalar ƙofa. A kanta na zauna har Makka, da mazaunan da tsakuwa ta gama yi wa zane, ina talbiya ina canza ɓangare.

Da muka shiga masallacin Harami ta ga Ka'aba, sai ta tsaya ta yi ta kuka, ni ma na kau da kai. Na lura ƙafafunta sun kumbura, na je na samo kujerar turawa, na kawo gabanta na durƙusa. Ta dubi kujerar, ta dubi tayoyinta. Sai ta juya wajen 'yar Indunusiyar nan, wadda ba ta jin ko sannu da Hausa, ta ce, "Ki ce masa na gode. Na ga yadda yake da abu mai taya. Da ƙafata zan yi."

Matar ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Tsohuwa ta kama gefen mayafina ta riƙe gam, muka shiga cikin jama'a, tana takawa a hankali, ina rage sauri, har ta gama ɗawafinta.