Ranar da na'ura ta ga Baba Sule a garuruwa uku

Ko zan tsufa har haƙorana su zube, ba zan manta da ranar da na kusa raba Baba Sule da aikinsa saboda shegen bakina ba. Ku sababbin ma'aikata, ku matso ku ji dalilin da ya sa muke dangwala yatsa kafin mu buɗe kwamfuta.

Da daminar bara ne, ina gama sakandare aka ɗauke ni aiki a ƙungiyarmu ta manoma. Babban ofis yana Ƙanƙara, da reshe a Faskari da Sabuwa, kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa ta shiga rumbun bayanan manoma. Baba Sule shi ne babban akawu. Tun ana rubuta sunan manomi da alƙalami yake nan, ni ma ina zargin shi ya yi wa dutsen Ƙanƙara rajista.

Sai shugabanmu Alhaji Lawal ya ɗauko Malama Hadiza ta koya mana tsaron intanet da ƙirƙirarriyar basira. Ta saka mana wata manhaja a kwamfutocinmu, ta ce kamar mai gadi ce da ba ya gyangyaɗi. Tana koyon yadda kowa ya saba aiki, in ta ga abin da bai yi kama da halinka ba sai ta yi ƙara. Alhaji kuwa ya kafa doka a gaban kowa: duk wanda kalmar sirrinsa ta fita waje, ya tattara nasa ya nasa.

A ranar ƙarshe ta horon aka tara ma'aikatan rassa duka. Da yake na fi kowa rawar kai, Malama ta ce in zauna gaban allo in karanta abin da manhajar ta gano. Ina dubawa na ƙyalƙyale da dariya. Na sanar da jama'a cewa ashe waliyyi muke zaune da shi ba mu sani ba, domin ranar Talatar da ta wuce Baba Sule ya yi aiki a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a lokaci guda. Na ƙara da cewa a lokacin ma yana gonarsa a Mabai yana zuba taki.

Ni kaɗai na yi dariya. Alhaji ya murtuke, Baba ya cire hularsa yana jujjuya ta a hannu. A nan dokar ta faɗo mini.

"Malam Sule, wa ka ba kalmarka?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. A hukunta ni."

Baba ya ƙi faɗin sunan kowa. Alhaji ya fara cewa doka doka ce, sai Malama ta nemi a dakata. Ta ce na'ura ƙara kawai take yi, bincike na mutum ne. Ta juyo gare ni ta ce tunda ni na kunna wutar, in tambayi manhajar abin da aka aikata da sunan Baba.

Na rubuta tambayar. Amsa ta fito: ba a kwashi bayanin kowa ba, ba a goge komai ba. An yi wa manoman Tafoki rajistar iri, an gyara sunan wata tsohuwa daga Mairuwa. Na ce wannan ɓarawon ya fi wasunmu ƙwazo.

Sai Anti Talatu ta reshen Sabuwa ta miƙe. Ta ce ita ce. Ta manta kalmarta, manoma sun cika ofis, ta kira Baba ya ba ta tasa. Malam Yohanna na Faskari ya miƙe shi ma. Kafin ka ce me, rabin ɗakin yana tsaye. In za a kori mai laifi, Alhaji da tsintsiya ne za su rage.

Alhaji ya ce su zauna. Malama ba ta yi wasa da maganar ba. Ta ce in ɗan damfara ya kira da muryar Anti Talatu, wadda yanzu na'ura ke iya kwaikwaya, haka Baba zai miƙa masa bayanan dukan manomanmu. Aka soke tsohuwar kalmar, aka koma dangwala yatsa.

Da aka watse na je na durƙusa ina ba Baba haƙuri. Ya ce, "Tashi ɗiyata. Ni damuwata, in wani ya maƙale yanzu, mi zan ara mashi? Yatsa ba ya ciruwa."

Abin da na koya a aikin nan shi ne, ba mugunta kaɗai ke buɗe wa ɓarawo ƙofa ba, har da kirki. Kuma kirkin ba a kashe shi, hanya ake canja masa. Bayan mako guda na'urar Anti Talatu ta ƙi karɓar yatsanta saboda lalle. Baba ya hau babur har Sabuwa, ya zauna ya yi rajistar manoman da kansa. Manhajar ta yi ƙara cewa an ga Baba Sule a Sabuwa. Na kira shi don in tabbatar, kamar yadda aka koya mana.

"Ni ne, Rabi," ya ce. "Ki gaya wa mai gadin naku yau da ƙafata na zo."