Ranar da Lauya Ta Yanke Zare

A bayan ƙaramin asibitin unguwarmu akwai wani ɗaki da a da ake jibge karyayyun gadaje a cikinsa. Taga ɗaya gare shi, fankarsa kuma tana juyawa da irin kukan da ke sa baƙo ya ɗaga kai. A nan ne wata 'yar tela take tara yaran da suka rasa uwa ko uba kowace Asabar da yamma. Shekarunta ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma ba ma'aikaciyar jinya ba ce; da safe maɓallai take sa wa riguna a shagon mahaifinta. Yaran ne suka laƙaba mata Anti Allura, sunan ya bi ta har gida.

Ba ta tambayar yaro abin da ke ransa. Takan ce kowa ya kawo tufa guda ta mamacin, su yayyanka, su ɗinka jaka da hannu. Maganar da za ta fito takan fito ne ido yana kan ɗinki. Dokar ɗakin ɗaya ce: ba a gama aiki a tashi. Idan lokaci ya yi, sai a soke allura a yadi, a bar zaren yana reto. Jakar da ta kusa ƙarewa kuwa, sai ta ce a ƙara mata aljihu, domin kowa ya tashi da sauran abin da zai dawo da shi.

Ba a makaranta ta koyi wannan ba. Shekarar da mahaifiyarsu ta rasu, ƙanenta ya yi watanni ba ya magana. Rana ɗaya sai ya warware, ya yi wasa da dariya, ya rarraba wa abokansa kayansa. Gidan duka aka yi hamdala. Bai cika mako a duniya bayan haka ba, kuma ba ciwo ne ya ɗauke shi ba; shi ya kashe kansa.

A cikin yaran akwai 'yar wani makanike, mai shekara goma sha huɗu, wadda ake kira Lauya saboda gardama. Shuɗiyar rigar mahaifiyarta ta kawo, kuma ba ranar da ba ta ci gyaran wani ba.

"Wannan ɗinki ne ko sawun kaza?" takan ce wa yaron da ke zama kusa da ita.

"Ranki ya daɗe alƙali, a ɗaure ni," shi kuma yakan ce, a bushe da dariya.

Wata Asabar Lauya ta zo fuskarta a sake. Ba ta ci gyaran kowa ba. Ta ba yaron nan almakashinta, wanda a da ko taɓawa ba ya isa ya yi. Ta cire agogonta ta ɗaura wa ƙaramar cikinsu. Ana dab da tashi ta ƙulle zare, ta yanke shi da haƙori, ta ninke jakar, ta ajiye a gaban Anti Allura.

"Ai da sauran aljihu, ƙanwata."

"Ta ishe ni haka, Anti. Na gode da komai."

Hankalin Anti Allura ya tashi, amma ba ta iya barin ƙanana su kaɗai ba. Kafin a zo ɗaukar na ƙarshensu, yarinyar ta daɗe da fita. Anti Allura ko ƙofar ɗakin ba ta tsaya kullewa ba, ta nufi garejin mahaifin Lauya.

Ta tarar da makanike a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Baba, wurinka na zo, a kan Lauya."

"Madalla da ke, 'yata," ya ce daga can ƙasa. "Ta warke. Jiya har tsokanata ta yi, ta wanke mini kayan aiki kaf. Na ma ce ta huta da zuwa wurinku haka nan. Yawan tuna mamaci ba ya haifar da alheri."

"Baba, don Allah ka fito ka dube ni."

Ya turo kansa waje yana goge hannu da tsumma. A tsaye, a gaban abokan aikinsa, ta gaya masa labarin ƙanenta, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa a unguwar da bakinta ba. Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya kira gida a waya, ta daɗe tana ƙara kafin mahaifiyarsa ta ɗauka.

"Ba ta dawo ba," in ji tsohuwar. "Kafin ta fita ta share ɗaki, ta rungume ni. Ai ɗiyar kirki ta zama. Lafiya dai?"

Suka bi titin makaranta, suka leƙa gidan ƙawarta, suka tambayi mai shagon kan kwana. Shi ne ya nuna musu hanyar babbar gada. A tashar da ke gindin gadar suka hango ta a kan benci, ba jaka, ba takalmi, takalman suna jere a gefenta. Motoci suna tsayawa suna tashi, ba ta dubi ko ɗaya ba.

Anti Allura ta tsaya daga nesa. Makanike ya ƙarasa a hankali, ya zauna a ƙasa da kayansa masu baƙin mai, ya riƙe ƙafar 'yarsa da hannu biyu.

"Uwata," ya ce, "ƙarya nake yi miki. Ni ma ban warke ba."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma janye ƙafar ba.

Yanzu likita yana ganinta, kuma mahaifin da kansa yake kai ta, ya rufe gareji ya zauna a baranda har ta fito. Wasu ranaku tana magana, wasu ranaku ba ta yi. Idan za su koma gida, ta doguwar hanya yake bi da ita, wadda ba ta ratsa gada.