Ƙarafan da Direba Ya Jera

"Yau ma ya sauke ta?"

"Ya sauke. Leƙa ka gani, hanjin motar duk yana tsakar gida."

"Mutumin da ya ce ko da ido rufe zai haɗa ta."

"To ya rufe idon mana, wataƙila ta fi haɗuwa."

Matar Direba tana shanya a bayan katanga, ta ji su sarai. Masu zaman bencin shagon aski ne, kuma da mijinta suke. Ta yarfa rigarsa a igiya, ta ga ashe murmushi take yi.

Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa wani babban ma'aikaci. Da ya ajiye aiki, sai aka sallame shi da motar: tsohuwa, doguwa, mai ƙarfe irin na da. Aibinta ɗaya, giya ta uku tana fita da kanta. Ya ce bakanike ba zai taɓa masa ita ba, yaran yanzu ban da guduma ba su san komai ba. Ya ɗaga ta a kan jak da bulo a rumfar gida, ya sauke giyabos, wato akwatin giyar, ya shiga ɗaki ya yaye farin zanin gadon matarsa ba tare da ya tambaya ba.

A kan zanin yake aikinsa. Duk abin da ya zare, haƙori ne, boris ne, zobe ne, sai ya wanke shi da kananzir ya ajiye kusa da wanda ya riga shi fita, daga dama zuwa hagu. In ya tashi haɗawa sai ya bi layin da baya. Ba ya duba hoto, ba ya tambayar kowa. Yakan buga goshinsa da yatsa ya ce nan komai yake.

Da wannan goshin ya mulki gidan. Tun tana amarya ya raɗa mata Kan Rariya, don ta taɓa manta gishiri. A gaban baƙi yakan tambaye ta inda ta ajiye abu, ya bar ta tana lalube, shi yana ba su labarin sauran mantuwarta. Har 'ya'yanta suka tashi da sunan a baki. Ranar da mahaifiyarta ta rasu, motar tana ƙofar gida da mai a ciki, ya ce hanyar garinsu duwatsu ce, ta nemi ta haya.

Karon farko da ta ɓata masa layin, ba da gangan ta yi ba. Tana shara, tsintsiya ta ture zobba biyu na tagulla masu kama da juna kamar tagwaye. Ta mayar da su yadda hannu ya kai. Ya haɗa, ya kira maƙwabta suka tallafa aka ɗora. Da ya tayar da mota ya nemi giya, sai ƙarfe ya yi ƙara kamar ana gurza faranti a siminti. Ya fito ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba. Ranar har ƙarin abinci ta yi.

Daga nan ta riƙa jira ya shiga wanka. Ta kife wani siririn zobe, ko ta sauya wa ƙananan boris biyu wuri, ta goge yatsunta da lemun tsami don warin kananzir. Ya haɗa, ta ƙi. Ya sauke, ya sake haɗawa, ribas ta ɓace. Maƙwabta suka fara cewa bayansu yana ciwo in ya aika kiransu. Mai aski ya ce ya sa wa motar ƙafa huɗu ya riƙa ba ta ciyawa.

Sai ɓarnarta ta wuce kan zani. Ya sami sifanarsa a cikin firji. Ya sami tabaransa a cikin takalmi. Da farko yakan yi faɗa, daga baya ya koma ɓoye abin da ya tsinta a aljihu, yana waige-waige ko an gan shi. Ko sau ɗaya bai zarge ta ba. A ganinsa kanta bai kai nan ba.

Babban ɗansu ya zo ya ja ta kicin ya rage murya. Ya ce kan Baba ya fara taɓuwa, mutane suna magana. In wannan karon ma ba ta haɗu ba, zai kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya karɓi makullai, ya kira masu sayen ƙarfe su ja motar. Baba kuma ya koma ɗakin baya a gidansa, inda za a riƙa rufe ƙofa.

"Umma, ke da kike tare da shi, me kika gani?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce Allah dai ya sauwaƙe. Sannan ta ba shi labarin firji.

A wannan zagayen ba ta taɓa komai ba. Ba tausayi ba ne, ta ga babu buƙata. Layin yana kan zani daidai yadda ya fito, ita shaida ce. Amma Direba sai ya ɗauki zobe ya juya shi, ya ajiye, ya ce ba nan yake ba, ya kai shi gaba, ya dawo da shi baya. Da hannunsa yake wargaza abin da ya jera daidai. Ya daina aski. Rigarsa ta yi masa yawa.

Ranar da ɗan ya ce zai dawo da yamma, ta fito da hantsi da kwanon wanke-wanke ta same shi zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe kamar yaro, zobba biyu a hannu. Ya dubi na dama, ya dubi na hagu. Ta san wanda ya kamata ya fara shiga. Ta wuce shi ta buɗe famfo.

Ta ji yana jan kujera. Ya kawo ta gefen zanin, ya share ta da hannun rigarsa, ya daɗe yana gyaran murya.

"Umman yara," in ji shi, "bar kwanukan nan ki zo ki zauna kusa da ni. Ki sa ido a kan hannuna, in kin ga na ɗauki wanda ba shi ba, ki gaya mini. Don Allah kada ki bari yaron nan ya tafi da ni."